Ranar da na shafe lambar akwatin Dakta

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da Asabar ɗin da na ɗauki buroshi na shafe lambar da na rubuta da hannuna ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tsinci labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya zuba masa. To ku gyara zama, ku ji shi daga bakin wadda ta riƙe buroshin.

A lokacin ina shekara ta shida a wannan makhzan namu na unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, wato ɗakin ajiyar da muke ɗaure kayan da za a aika gida ta ruwa. Ba mu kai yawan yanzu ba. Akwai Ustaz Bashir mai ofis, mutumin Kano, wanda karatu ya kawo shi Alƙahira, sana'ar aika kaya ta riƙe shi. Akwai maza biyu masu jido da buga ƙusa. Sai ni, Habboba Zainabu, wato Kaka Zainabu a bakin mutanen Sudan, mai ɗinkin buhu da rubuta nauyi. A Bur Sudan aka haife ni, can iyayena suka yada zango a hanyar Makka. Ban taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma kayan da na ɗaure mata Allah kaɗai ya san yawansu.

Yawancin kayanmu littattafai ne. Ɗalibi zai yi shekara bakwai, shekara goma, yana zaga shagunan littattafai na unguwar Darrasa, yau ya sayo biyu, gobe ya sayo jeri guda, har ɗakinsa ya rasa wurin shimfiɗa. Ran da ya gama karatu sai ya kwaso mana. Littafi kuwa, ku da kuka ɗaga kun sani, jikinsa ƙarami, nauyinsa na dutse.

Bari in maimaita muku dokar, ko da kun ji ta sau ɗari. Duk ƙunshin da za a ɗora a jirgin ruwa, akwatin katako ne, ko dami, ko inji, in nauyinsa ya kai kilo dubu, wato tan guda, sai an rubuta nauyin a jikinsa daga waje kafin a ɗora shi. Rubutu babba, wanda za a hango daga nesa, wanda ruwa ba ya wankewa, rana ba ta cinyewa. Kuma nauyin duka ake so: da kayan ciki, da katakon, da ƙusar, da ɗaurin ƙarfen. Alhakin yana wuyan wanda ya aika kayan, wato mu. A nan gidan ko akwati bai kai tan ba muna rubuta masa, domin daga ƙofar nan zuwa Iskandariya, daga can zuwa Legas, daga Legas zuwa Arewa, hannu nawa ne zai ɗaga shi? Babu ɗaya daga cikinsu da zai buɗe ya leƙa. Lamba zai duba, ya zaɓi sarƙar da ta dace, ya shiga ƙarƙashi.

Ni ban yi makaranta ba, ta boko ko ta allo mai nisa. Amma lambobin nan goma na san su kamar yadda na san jikokina. Ina da faranti goma na gwangwani, kowane an huda masa siffar lamba guda, kuma wasu na raɗa musu suna: ɗaya sanda ce, biyu agwagwa, tara mai rawani, sifiri ƙwai. In an tura akwati kan mizani, ni nake tsayawa gaban gilashin da ke nuna nauyi, in duba da idona, in zaɓo farantan da suka yi kama da abin da na gani. Ba na karɓar lamba daga bakin mutum, ko mai ofis ne. In buga da baƙin fenti a gefe biyu da kuma sama. In na gama, sai in ja jan layi daga murfi zuwa jikin akwatin a kusurwa huɗu. Jan layin nan shi ne rufewata. Wanda ya buɗe bayana, layin zai tona shi.

To, cikin watan Sha'aban na wannan shekarar aka kawo mana littattafan Dakta Mansur. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana karatu har ya kai ƙarshensa, ana ta maganarsa cikin ɗalibai. Mutum ne mai fara'a, in ya shigo sai ya ce, "Inna, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ranar Alhamis muka shirya masa akwati guda babba, muka tura kan mizani. Mai rawani, huɗu, ƙwai. Kilo ɗari tara da arba'in. Na buga, na ja layina.

Ustaz Bashir ya yi hamdala har sau uku, kuma ga dalili. Direban da ke ɗaukar mana kaya, Ammu Sayyid, dattijo ɗan Masar, yana da ƙaramar ƙugiyar ɗaga kaya a bayan motarsa, wadda suke kira winshi. Ƙarfinta tan guda ne, ba ta wuce nan. In kaya ya haura tan, sai an kira babban winshi, shi kuma sai an neme shi tun jiya. Ga shi an ce lallai mota ta isa Iskandariya ranar Asabar kafin la'asar, don lokacin za a rufe kwantenar da akwatin zai shiga. In ta wuce, sai wani jirgin. Dakta kuwa Litinin zai hau jirgin sama. Kun ga ke nan lambar nan ta zo wa kowa daidai.

Ranar Juma'a ba na zuwa aiki. Ranar ce kuma ɗalibai suka yi wa Dakta walimar bankwana bayan an sauko daga masallaci.

Kun san halinmu, mu Hausawa. Mutum ba ya tafiya gida da hannunsa shi kaɗai. Da an ji wane zai tafi, sai kowa ya tuna yana da uwa, yana da malami, yana da ƙane. "Ɗan saƙo ne, don Allah a sa mini a gefe." Kuma wanda aka roƙa ba ya iya cewa a'a. Ya ce a'a, gobe a ce girman kai ya kama shi. Na sani, ni ma na ba da saƙo, ni ma na karɓa. Amma saƙon mutanen gari ɗan turare ne, ɗan mayafi. Saƙon ɗalibi littafi ne.

Asabar da safe na shigo, na ajiye jakata, na je in gaishe da akwatin kamar yadda nake yi wa kowane kaya ran tafiyarsa. Sai na tsaya. Akwatin da na bari ya kai mini ƙirji, yanzu ya kai mini haɓa. An ɗaga murfin, an ƙara jerin katako biyu a kewaye, an mayar. Jan layina ya rabu, rabi a sama, rabi a ƙasa, farin katako a tsakani. Kawunan ƙusa sababbi suna ƙyalli. Lambata kuwa tana nan daram, mai rawani, huɗu, ƙwai, tana faɗa wa duniya abin da ba haka yake ba.

Na shiga ofis. Ustaz Bashir yana shan shayi, Dakta yana zaune kusa da shi da takardu.

Na ce, "Ɗana, wa ya buɗe akwatin nan?"

Bai ɗago ido ba. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Habboba. 'Yan saƙonni ne na yara. Jiya bayan walima suka biyo Dakta har nan, ba yadda za mu yi."

"Mutum nawa?"

"Ba su da yawa."

"Na ce mutum nawa?"

Dakta ya yi murmushi ya ce, "Inna, kamar ashirin da 'yan kai. Kowa ɗan kwali guda ne. Wani ma mahaifinsa zai buɗe makaranta, yana jiran littattafan."

Na ce, "Allah ya sa albarka a makarantar. A tura akwatin kan mizani."

Ustaz Bashir ya ajiye kofi. Ya ce, "Habboba, takardu sun riga sun tafi da ɗari tara da arba'in. Sayyid yana hanya. Ko da an ƙara, ai akwai sauran sittin kafin tan."

Na ce, "Kwali ashirin na littafi ne za su tsaya a kilo sittin? Kai ma da kake faɗa, ka kalle ni ka sake faɗa."

Bai kalle ni ba. Dakta ne ya karɓa, da muryar nan mai sanyi da malamai ke yi wa wanda suka ga bai gane ba. Ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Littattafan addini ne fa, ba ƙarfe ba. Abin alheri ne, Allah ba zai bari a ga sharri a cikinsa ba."

Jama'a, a nan ne jinina ya hau. Na ce, "Dakta, sarƙa ta san abin da ke cikin akwati? Sarƙa karatu take yi?"

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya juya wurin Ustaz Bashir, kamar ba na tsaye a wurin, ya ce, "Ya Ustaz, wannan baiwar Allah ba ita ce mai fenti ba? Ai ta gama nata tun Alhamis. Abin da ya rage maganar takarda ce, ita kuwa ko sunanta ba ta iya karantawa."

Gaskiya ya faɗa, ban iya ba. Amma ku ji abin da na iya. Maigidana, Malam Idrisa, Allah ya jiƙansa, ɗan dako ne a tashar jiragen Bur Sudan. Wata rana aka sauke wani akwati daga jirgi, lambar jikinsa ta ce kaza, suka sa masa sarƙar kaza. Sarƙa ta tsinke. Bai mutu ba, da ma ya mutu a wurin da ya huta. Ƙugunsa ne ya niƙe. Shekara tara ina juya shi a kan shimfiɗa, ina wanke shi, mutumin da ke ɗaukar buhu biyu a kafaɗa. Wanda ya rubuta lambar nan har yau ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba. Wataƙila shi ma mutumin kirki ne mai fara'a. Wataƙila shi ma wani ne ya roƙe shi ya kasa cewa a'a. Ban faɗa musu wannan a ofis ba, don ba tausayi na je nema ba. Mizani na je nema.

Muna cikin haka muka ji ƙarar mota. Ammu Sayyid ya juyo da baya har bakin ƙofa, ya sauko yana gyara hula. Ya gaishe ni da Larabci, ya zaga akwatin, ya karanta lambar, ya ce, "Tamam," wato daidai. Ya jawo sarƙa ya fara zura ta ƙarƙashi. Ustaz Bashir ya fito yana cewa, "Yalla, yalla, rana na yi."

Na kalli dattijon nan ya durƙusa, ƙeyarsa duk furfura. Bai tambayi kowa ba. Bai ce a sake aunawa ba. Lambata ya gani ya yarda, don shekara shida yana ɗaukar kayan da na rubuta, ba a taɓa samun saɓani ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na je kusurwata na buɗe gwangwanin baƙin fenti, na ɗauko babban buroshi, na dawo. Na shafe lambar gefen dama. Na zaga na shafe ta hagu. Na jawo benci na hau, da tsufana da ciwon gwiwata, na shafe ta sama. Da nake saukowa fenti ya ɗiga a gefen jallabiyar Dakta, ɗigo biyu. Wannan shi ne abin da aka mayar wai na watsa wa malami fenti.

Ustaz Bashir ya ɗora hannu a ka. "Habboba! Kin san abin da kika yi kuwa?"

Na ce, "Lambar tawa ce, na janye ta. Ga buroshi, ga farantai. Duk wanda ya san nauyin akwatin nan ya zo ya rubuta da hannunsa."

Na miƙa wa Ustaz Bashir, bai karɓa ba. Na miƙa wa Dakta, ya ja da baya yana duba jallabiyarsa.

Ammu Sayyid ya miƙe a hankali, ya saki sarƙar. Ba ya jin Hausa, amma ya ga abin da ya gani. Ya ce, "Ya Hajja, ina lambar?"

Na ce masa da Larabci, "An ƙara kaya bayan awo."

Ya kalli Ustaz Bashir. Sannan ya ce, "Ya Ustaz, ni ba na ɗaga akwatin da ba lamba. Ko na ɗaga, can ba za su karɓa ba. Khalas, shi ke nan, ku auna."

Da Hausa na roƙa aka hana. Da direba ya faɗa sau ɗaya, sai ga shi an kira masu jido. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai har yanzu.

Suka sa keken tura kaya a ƙarƙashi. Ranar Alhamis mutum biyu suka tura shi. Ranar Asabar sai da Ustaz Bashir ya tuɓe agogo ya sa kafaɗa. Na tsaya gaban gilashi. Lambobi suka yi ta gudu, suka tsaya. Lambobi huɗu ne, ba uku ba. Sanda, uku, sanda, ƙwai.

Ammu Sayyid ya karanta da ƙarfi, "Dubu ɗaya da ɗari uku da goma."

Dattijon ya tafi bayan motarsa, ya tsaya a daidai inda bakin winshin yake sauke kaya, ya nuna ƙasa da yatsa. Ya ce, "Ya Dakta, zo ka gani. In akwati ya tashi sama, a nan nake tsayawa in daidaita shi da hannuna. Nan." Ya je ya zauna a inuwa ya kunna taba.

Dakta ya ce, "Wallahi ba mu zaci ya kai haka ba."

Na ce, "Don zato ya huta aka yi mizani."

Ustaz Bashir ya yi ta buga waya yana neman babban winshi. Babu, sai gobe. Abin da ya rage guda ne: a buɗe, a fitar da saƙon mutane. Aka buɗe. Kwali ashirin da uku muka jera a jikin bango, kowane da sunan mai shi da garinsu. Wani kwalin sai mutum biyu. "Ɗan saƙo" ke nan. Aka cire katakon da aka ƙara, aka mayar da murfi, aka ƙara ɗaurin ƙarfe guda don katakon ya sha ƙusa ya yi rauni. Muka sake aunawa. Mai rawani, huɗu, huɗu.

Ustaz Bashir ya ce, "Habboba, don Allah ki bar shi a arba'in, ya dace da takarda. Huɗu ne kawai."

Na ce, "Takardar ce za a gyara."

Na jira fentin da na shafa ya ɗan sha iska, na buga sabuwar lamba da farin fenti a kansa, gefe biyu da sama. Ammu Sayyid ya zo ya karanta, ya leƙa gilashin mizani da kansa, abin da bai taɓa yi ba a gidan nan. Ya ɗaga, ya ɗaure, ya kama hanya kafin azahar. Ya isa a kan lokaci.

Kada ku zaci an gode mini. Dakta ne ya zauna yana kiran ɗaliban ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri, ina jin sa yana cewa, "Wata tsohuwa ce a nan ta ta da rigima." Saƙonnin sun bi jirgi na gaba a akwatinsu daban, da lambarsu, amma wancan ɗalibin, an buɗe makarantar mahaifinsa ba littattafai. Ya zo har nan ya faɗa mini maganar da ba zan maimaita ba. Kusan mako biyu Ustaz Bashir ba ya yi mini magana sai ta bakin masu jido, ina ta jiran ranar da zai ce in tattara farantaina. Yaran da ke rusuna mini a bakin masallaci suka koma kallon gefe. Dakta ya tafi ranar Litinin, bai leƙo ya yi mini sallama ba.

Ba na cewa mugaye ne. Da mugaye ne da abin bai dame ni haka ba. Mutane ne masu karatu, masu sallah, masu son a ce sun kyauta. Ashirin da uku suka roƙa, biyu suka ji kunya, kuma a cikin duk taron nan babu wanda ya tuna cewa akwai mutumin da zai shiga ƙarƙashin kayan. Abin da aikin nan ya koya mini game da mutanenmu ke nan: muna jin nauyin wanda ke tsaye a gabanmu, har mu ɗauki haƙƙin wanda ba ya wurin mu biya shi da shi. Shi kuwa mai sarƙa, na Iskandariya, na Legas, na tashar motar Kano, ba ya zuwa walima. Ba shi da bakin da zai roƙe mu. Abin da ya haɗa mu da shi lambar nan ce kawai, kuma gaskata ta yake yi.

Don haka ku da za ku riƙe farantan nan bayana, ku duba gilashi da idonku, ku rubuta abin da kuka gani. In an buɗe akwati, awon farko ya mutu, a sake. Za a zo muku da ɗan saƙo bayan kun rufe, yau ko gobe, kuma mai zuwan zai kasance wanda kuke jin kunyarsa. In bakinku ya yi nauyi, kada ku tsaya neman magana. Ku ce Habboba Zainabu ce ta hana. Su zo su same ni, na saba.